Taku a Cikin Duhu: Jigon Nema a Kundin Waƙoƙin Cat Stevens na 1984

Gabatarwa

A shekarar 1984 kamfanin faifai na A&M ya fitar da wani kundi mai ɗauke da waƙoƙi 14 na mawaƙin Birtaniya Cat Stevens, aka raɗa masa suna Footsteps in the Dark, wato taku a cikin duhu. Lokacin da kundin ya shiga kasuwa, mai waƙoƙin ya kusa cika shekara bakwai da karɓar Musulunci, ya daɗe yana amsa sunan Yusuf Islam, ya rabu da kayan kiɗansa, hankalinsa kuma ya karkata ga makarantar firamare ta Islamia da ya kafa a Landan a 1983. Ke nan muryar da ake ji a faifan ta mutum ce wanda ya riga ya tashi daga inda ya yi maganar. Sunan kundin kansa hukunci ne da aka yanke daga baya, domin mai tafiya a duhu ba ya ganin sawunsa, sai gari ya waye ya waiwaya.

Labarin musuluntar wannan bawan Allah yana cikin labaran da masu wa'azi suke son kawowa, kuma akan haɗa shi da wata da'awa: wai tsofaffin waƙoƙinsa ma Musulunci ne da ba a riga an kira shi da sunansa ba. Akwai kuma waɗanda suke ganin duk abin da ya rera kafin Disambar 1977 lagawu ne, babu abin dubawa a ciki. Wannan maƙala tana ganin ɓangarorin biyu sun yi gaggawa. Abin da za ta bi shi ne jigogin da suka ratsa waƙoƙin kundin, da yadda zaɓensu da jerinsu suka sa su faɗi abin da ba dukansu suka faɗa ba ranar da aka tsara su.

Wajibi ne a bayyana tun farko cewa wannan nazari ne na matani, ba fatawa ba ce. Saɓanin malamai a kan kiɗa da waƙa sananne ne. Ɗalibin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya san tsananin da ke cikinta game da sauraron kayan wasa da waƙe-waƙe, ya san Ibn Ƙayyim ya fi haka tsanantawa a Igasatul Lahfan, alhali Ibn Hazm ya raunana hujjojin haramcin, Imam Gazali kuma ya bi hanyar rarrabewa a babin sama'i na Ihya'u. Ba a nan za a warware wannan ba. Kalmomin waƙoƙin a rubuce suke, ana iya karanta su kamar yadda ake karanta diwanin kowane sha'iri.

Muna kuma da ma'auni daga Sunna na yadda ake sauraron sha'irin da bai riga ya yi imani ba. Imam Muslim ya ruwaito cewa Manzon Allah (SAW) ya goya Sharid a bayan abin hawansa, ya tambaye shi ko ya haddace wani abu daga waƙoƙin Umayya bn Abis Salti, ya yi ta neman ƙari har Sharid ya karanta masa baiti ɗari. Hukuncin da ya biyo baya shi ne cewa Umayya ya kusa musulunta. An saurare shi har baiti ɗari, ba a ce ɓata ce zalla ba. An kuma tsaya a kan kusa, ba a ce ya iso ba, kuma tarihi ya tabbatar da cewa mutumin na Ɗa'ifa ya mutu bai karɓi addinin ba. Da wannan ma'auni za a auna kundin.

Labarin da Jeri Ya Gina

An haifi Steven Demetre Georgiou a Landan ranar 21 ga Yuli, 1948. Mahaifinsa Bagirke ne daga tsibirin Ƙubrus, mahaifiyarsa 'yar Suwidin, ya kuma yi karatun firamare a makarantar Katolika. Ya shahara a 1967 yana saurayi, sai tarin fuka ya kwantar da shi na dogon lokaci. Da ya miƙe ya dawo da wani salo dabam a 1970: jita, murya, da kalmomin da suke tambaya fiye da yadda suke nishaɗantarwa. Daga wannan dawowa zuwa 1978 ne aka tsamo waƙoƙin kundin.

Kundin yana ɗauke da ƙarin suna da ke nuna shi ne juzu'i na biyu na fitattun waƙoƙinsa, amma juzu'in farko na 1975 ya riga ya kwashe waɗanda suka yi kasuwa, irin su Wild World da Peace Train da Morning Has Broken. Saboda haka na biyun ya sami sararin zaɓe bisa ma'ana, kuma a nan ne manazarci ya kamata ya buɗe ido. Goma daga cikin waƙoƙin 14 na shekarun 1970 da 1971 ne, wato shekara shida zuwa bakwai kafin musuluntarsa. Guda ɗaya tak, Daytime, ta fito daga faifan da ya yi bayan ya musulunta, Back to Earth na 1978, wanda ya cika sauran yarjejeniyarsa da kamfani da shi. Shekarun da suka fi kusa da juyin rayuwarsa kuwa, lokacin da ya kusa nutsewa a teku a gaɓar Malibu ta Kalifoniya ya kira Allah, da lokacin da yayansa ya kawo masa fassarar Alƙur'ani bayan wata tafiya zuwa Ƙudus, kusan babu muryarsu a ciki. Babu ko waƙa ɗaya daga Buddha and the Chocolate Box na 1974, babu daga Numbers na 1975, wanda aka gina labarinsa a kan sirrin lambobi irin na Fisagoras. Adalci ne a ce juzu'in farko ya ɗauki waƙoƙi biyu daga faifan 1974, kuma Numbers bai sami karɓuwa sosai ba. Duk da haka sakamakon ɗaya ne: zangon da ya fi nuna yadda ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofofin addinin Buda da ilimin lambobi ya ɓace, hanyar ta zama miƙaƙƙiya fiye da yadda take.

Jerin ma ba na tarihi ba ne. An buɗe da The Wind ta 1971, waƙar da ba ta kai minti biyu ba, wadda mai magana a cikinta yake sauraron iskar ransa. An rufe da Silent Sunlight ta 1972, waƙar ketowar rana da fara aiki. Tsakaninsu aka sa waƙoƙin 1973 da 1977 da 1978. Hasken da kundin ya ƙare da shi ya girmi wasu duffan da aka sa gabansa. Wannan ba ha'inci ba ne. Haka duk mai ba da labarin shiriyarsa yake yi, kuma mai karatu da lura zai ga cewa Imam Gazali ma, a Munƙizu minad Dalal, ya jera masu neman gaskiya huɗu, ma'abota kalam da Baɗiniyya da masana falsafa da Sufaye, jeri irin na mai karantarwa wanda ya san inda zai sauke mai karatu. Bambancin shi ne Gazali ya rubuta sababbin kalmomi bayan ya iso, shi kuwa kundin nan tsofaffin kalmomi ne aka sauya wa mazauni.

Korewa Ba Tare da Tabbatarwa Ba

Idan aka tambaya mene ne babban jigon kundin, amsar da ta fi sauƙi ita ce nema. Amma nema iri-iri ne, kuma irin wanda yake nan yana da siffa bayyananniya: mai waƙar ya san abin da ba ya so sani na yaƙini, ya kuma iya siffanta shi da kaifin harshe, sai dai duk lokacin da ya zo faɗin abin da yake so maganar takan zama hazo. Malaman tauhidi suna koyar da cewa kalmar shahada rukuni biyu ce, korewa da tabbatarwa. Waƙoƙin nan sun ƙware a rukunin farko.

A duba I Want to Live in a Wigwam, wadda asalinta bayan faifan Morning Has Broken take. A zahiri waƙar raha ce. Mai magana yana lissafa wuraren da zai so zama: bukkar 'yan asalin Amurka, ɗakin ƙanƙara na mutanen can ƙuryar arewa, ayarin makiyaya, ɗaki a kan bishiya. Sannan ya lissafa waɗanda ya ƙi: fada, bariki, kurkuku. Jerin farko mafarki ne na ɗan birnin Landan wanda bai taɓa kwana a ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma ana iya musanya wannan da wancan ba tare da an rasa komai ba. Jerin na biyu kuwa kowanne da dalilinsa: fada saboda yawan ɗakunan da babu kowa a ciki, bariki saboda begilar da ke tashin mutum, kurkuku saboda abincin da ake miƙowa ta tsakanin ƙarafa. Dukiya, iko, da ƙasƙanci ke nan, kuma ya gane dukansu gidajen ɗauri ne. A ƙarshen waƙar ne, cikin hayaniyar amshi, yake ambaton cewa mai son kaiwa ga Aljanna yana bukatar jagora. A ganina wannan ita ce magana mafi nauyi a kundin baki ɗaya, ga shi kuwa ta faɗo ne a waƙar da ba a ma sa ta a babban faifai ba.

Haka abin yake a waƙar 1977 wadda take cewa bai taɓa son zama tauraro ba. Ya ambaci tsofaffin waƙoƙinsa na 1967 da sunayensu, ya siffanta yawon wasa gari-gari da gajiyarsa. Mai nazari yana da damar ya yi shakkar iƙirarin, domin saurayin da ya nemi kamfanin faifai yana ɗan shekara 18 ba a daka aka kamo shi ba. Amma ƙosawar gaskiya ce, kuma watanni kaɗan bayan fitar waƙar ya tabbatar da ita a aikace. Da aka zo ga abin da yake so a madadin shahara kuwa, sai ya tsaya a ɗan ƙauna, magana mai daɗi wadda ba ta ɗaure kowa da komai ba.

Where Do the Children Play? ita ce ta fi kowacce cika a wannan fage. Tana bin ci gaban zamani mataki-mataki: manyan jiragen sama, tituna da aka shimfiɗa a kan ciyawa, motocin dakon mai, benaye masu tokare sama, sannan bayan kowane mataki ta dawo da tambaya ɗaya game da wurin wasan yara. Ɗalibin tafsiri zai tuna aya ta 41 ta Suratur Rum a kan bayyanar ɓarna a tudu da teku saboda aikin hannayen mutane, ɗalibin hadisi kuma zai tuna gasar dogayen gine-gine a hadisin Jibrilu. Kusancin na gaske ne. A ɗan waƙar na ƙarshe ma maganar tana hawa daga gine-gine zuwa tambayar ko ma'abota wannan ci gaba za su kai ga yanke wa mutane lokacin rayuwa da lokacin mutuwa, wanda ke nuna mawaƙin ya hango cewa girman kan fasaha yana taɓa hurumin rububiyya. Abin da babu shi ne Mai hurumin. Ƙarar an shigar da ita, an ambaci wanda ake tuhuma, an kawo shaidu, amma ba a san gaban wane alƙali ake tsaye ba. A mahangar Musulunci ƙasa amana ce, amana kuwa ba ta da ma'ana sai da wanda ya ba da ita.

Trouble da The Hurt suna kawo wani reshe na jigon, wato ciwo a matsayin malami. Ta farkon ta fito daga kwanakin jinyarsa, tana magana da wahala kamar baƙon da ya ƙi tafiya, tana roƙonta ta sassauta. Roƙo ne, da siffar addu'a, amma wanda ake roƙo ita ce masifar kanta. Ta biyun, daga faifan Foreigner na 1973 wanda ya ɗauka a Jamaika, ta fi balaga. Tana yi wa mai da'awar neman gaskiya ba'a, wanda yake zaune a gida gaban talabijin yana jiran mu'ujiza, tana tuna masa cewa ajali ba ya jira, sannan mai magana ya yarda cewa shi ma bai fahimci komai ba sai da ya ji ciwo. Wannan ya yi kusa da babin ibtila'i kamar yadda malamai suke karantar da shi.

Inda rauni ya fi bayyana shi ne a amsoshin. Katmandu tana miƙa hannu zuwa birnin Nefal da samarin Turai na wancan zamani suka mayar alƙiblar yawonsu, kuma birnin a cikin waƙar suna ne kawai mai daɗin furtawa. On the Road to Find Out, wadda aka fi kafa hujja da ita, tana ba da labarin barin gida da dangi domin bincike, da kaɗaici, da gajiya, sannan ta kai ga cewa amsar a cikin mutum take, ta yi kira a kori Shaiɗan a ɗauki littafi nagari. Masu wa'azi suna son wannan wuri na ƙarshe, kuma ba za a musa cewa yana sa tsigar jiki ta tashi idan aka tuna littafin da ya shigo hannunsa bayan 'yan shekaru ba. Sai dai waƙar ta faɗi abubuwa biyu da ba ta sulhunta su ba. Idan amsar a ciki take, littafin na mene ne? Idan littafin ake bukata, ashe abin da ke ciki bai wadatar ba. Aƙidar Musulunci tana da mazauni ga dukansu: fiɗira a ciki, kamar yadda aya ta 30 ta Suratur Rum da hadisin haihuwar kowane yaro a kan fiɗira suka nuna, wahayi kuma daga waje, yana tayar da ita yana yi mata iyaka. Waƙar 1970 ba ta san wannan tsari ba. Ta tuntuɓe da rukunan biyu ne a duhu, ta ambace su a jere.

Uba da Ɗa

Father and Son ita ce waƙar da ta fito a juzu'an biyu, kuma ta cancanci a daɗe a kanta, domin ita ce ta fi shiga zuciyar matashin da ya bar hanyar gidansu saboda addini. Mawaƙin ya rera ta da murya biyu, ta ƙasa ga uba, ta sama ga ɗa. Uban yana cewa a bi a hankali, lokacin sauyi bai yi ba, a nemi mata a zauna, ga shi shi ya tsufa kuma yana cikin jin daɗi. Ɗan yana cewa tun da ya iya magana umurnin saurare kawai yake sha, yanzu kuwa ya ga hanya, tafiya ta zama dole.

Abu na farko da ya kamata a sani shi ne asalinta. An tsara ta ne domin wani wasan kwaikwayo na waƙe-waƙe da ba a kai ga yin sa ba, wanda labarinsa ya shafi juyin juya halin Rasha, inda ɗan manomi yake son shiga sahun 'yan juyin, uban yana son ya tsaya a gona. Ke nan hanyar da ɗan ya gani a asalin rubutun ba hijira zuwa ga Allah ba ce. Da wasan ya rushe sai waƙar ta fita ita kaɗai, babu Rasha babu gona, ta zama riga mai shiga kowa. Wannan ne sirrin yaɗuwarta, shi ne kuma iyakarta: ɗan bai faɗi inda za shi ba.

Abu na biyu yana cikin nahawun waƙar. Uban yana fuskantar ɗansa da lamirin mai sauraro. Ɗan kuwa yana magana ne a kan uban da lamirin wanda ba ya nan, kamar mai kai ƙara wurin wani na uku. Ba su taɓa haɗa ido ba, ko a wurin da muryoyin biyu suka hau kan juna. A gwada wannan da ƙissar Annabi Ibrahim (AS) da mahaifinsa a ayoyi na 41 zuwa 48 na Suratu Maryam. A can ɗan ne yake fuskantar uban, yana maimaita kiransa da lafazin tausasawa, yana kawo hujja, yana faɗin abin da yake tsoro a kansa. Da uban ya yi barazanar jifa, sai ya amsa da sallama da alkawarin nema masa gafara, sannan ya bayyana abin da zai nisanta da Wanda zai kira. Rabuwa ce ita ma, har ta fi ta waƙar tsanani, amma tana da dalili da alƙibla da ladabi. Suratu Luƙman ta mayar da wannan ƙa'ida ga kowa a aya ta 15: ba a bin iyaye a kan shirka, ana kuma zama da su a duniya da kyautatawa.

Uban waƙar ma ana iya auna shi da Luƙman. Nasiharsa ba mugunta a cikinta, akwai ma taushi, amma daga farkonta zuwa ƙarshenta ba ta wuce aure da natsuwa da tsawon rai ba. Luƙman ya fara da tauhidi kafin ya zo kan tafiya da murya. Uban da ba shi da abin bai wa ɗansa sai kwanciyar hankali, ba abin mamaki ba ne ɗan ya ga gidan ya yi masa ƙunci. Ƙarfin waƙar shi ne ba ta ɗora wa kowa laifi ba, ta bar su biyun cikin tausayi. Haɗarinta ga matashi Musulmi shi ne ya ari muryar ɗan ya yi wa iyayensa kallon waɗanda aka bari a baya, yana zaton Ibrahim yake koyi da shi.

Waƙoƙin da Suka Ƙi Bin Layi

Abin da ya jawo masu saye zuwa kundin a 1984 shi ne waƙoƙi biyu da ba a taɓa fitarwa a faifai ba, waɗanda ya tsara domin fim ɗin Harold and Maude na Hal Ashby a 1971. Su ne kuma suka fi wahalar shigarwa cikin labarin tafiya zuwa haske. If You Want to Sing Out, Sing Out tana koyar da cewa mutum ya zama duk abin da ya ga dama, hanyoyi ba su ƙirguwa, zaɓi nasa ne. A fim ɗin wannan ita ce falsafar tsohuwa Maude, wadda take koya wa saurayin da tunanin mutuwa ya dabaibaye yadda ake more rayuwa, sannan ranar da ta cika shekara 80 ta sha magani ta kashe kanta, domin ta riga ta yanke cewa nan ne iyakar da ta zaɓa. Tambayar da waƙar yara ta yi cikin fargaba, ta wanda zai yanke lokacin mutuwa, ga amsarta a nan cikin fara'a: mutum da kansa. Babu tawilin da zai mayar da wannan taku zuwa alƙibla. Taku ne a duhu, kuma ya nufi wani gefen.

Don't Be Shy tana bukatar taka-tsantsan wajen fassara. Wanda ya mayar da sunanta da kalmar kunya zai sa ta karo da hadisin da ya ce kunya reshe ce ta imani, alhali abin da take hana shi ne noƙewa da tsoron bayyana abin da ke zuci. Ba ta da laifin da ake zato, ba ta kuma da zurfi. How Can I Tell You kuwa waƙar bege ce ta namiji ga mace, mai siffanta gazawar harshe da kewar jiki. Na ji waɗanda suke son karanta ta a matsayin shauƙin bawa ga Ubangijinsa, bisa al'adar masu sharhin waƙoƙin Sufaye. Matanin bai ba da wannan dama ba. Ka'abu bn Zuhair ya buɗe ƙasidarsa a gaban Manzon Allah (SAW) da begen Su'adu, kuma darajar majalisin ba ta sa malamai sun ce Su'adu wani abu ce ban da mace ba.

Akwai kuma giɓin da ya kamata a ambata. Waƙoƙinsa da suka fi fuskantar mutuwa kai tsaye, Miles from Nowhere da But I Might Die Tonight, duka daga Tea for the Tillerman, ba su cikin kundin. Ta farkon tana magana da Ubangiji, tana kallon jiki a matsayin abokin tafiya da za a ajiye a ƙarshen hanya. Da nufin shi ne a nuna inda fiɗira ta fi ɗaga murya, da ita ta fi cancantar gurbi a kan Katmandu.

Iska

Littattafan adabi, irin su Asshi'iru was Shu'ara'u na Ibn Ƙutaiba, sun kawo cewa Labidu bn Rabi'a ya kusa daina waƙa gaba ɗaya bayan ya musulunta, yana ganin Alƙur'ani ya wadatar da shi, ko da yake manazarta sun yi jayayya a kan ingancin labarin. Shi ne kuma sha'irin da Manzon Allah (SAW) ya yaba wa wata magana tasa da cewa ita ce mafi gaskiyar abin da sha'iri ya faɗa, a hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito, wanda a cikinsa ne ma aka haɗa shi da ambaton Umayya. Mutum biyu, dukansu harshensu ya taɓo gaskiya kafin su yi imani, ɗaya ya shiga, ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Da za a ba manazarci baitocinsu na Jahiliyya kawai, ba zai iya faɗin wane ne zai shiga ba. Haka da za a ba shi waƙoƙin nan 14 a 1972 ko 1973, iyakar abin da zai iya cewa shi ne mai su ba ya cikin natsuwa. Mawaƙa da yawa na zamaninsa sun rera irin wannan ƙosawa, suka ƙare a wurare dabam-dabam. Aya ta 122 ta Suratul An'am, wadda take kwatanta wanda aka raya aka ba shi hasken da yake tafiya da shi cikin mutane da wanda ya rage cikin duffai, ta jingina rayarwar da sanya hasken ga Allah, ba ga ƙwazon mai tafiyar ba.

Shirun Yusuf Islam bai dawwama ba. Ya fitar da tarihin Annabi (SAW) a faifai a 1995, ya biyo da waƙoƙin yara na A Is for Allah a 2000, a 2006 kuma ya koma ga jita da faifan An Other Cup, shekara 28 bayan Back to Earth, matakin da ya jawo masa suka daga waɗanda suka yaba masa a kan barinta. A wannan shekarar ce aka fitar da wani kundin na ayyukansa na bayan Musulunci mai suna Footsteps in the Light, taku a cikin haske, amsa ga sunan 1984. A cikinsa ya sake rera The Wind. Waƙar tana cewa Allah ne kaɗai Ya san inda mai maganar zai ƙare, tana kuma ambaton iyo da ya taɓa yi a tafkin Shaiɗan da ƙudurin ba zai sake ba. A 1971 mai faɗin haka saurayi ne ɗan shekara 23 wanda yake bin iskar ransa duk inda ta kaɗa, ambaton Allah a bakinsa kuma bai fi yadda kowane Bature yake yi ba idan ya rasa amsa. A 2006 dattijo ne mai shekara 58 wanda ya shafe kusan shekara talatin yana fuskantar alƙibla sau biyar a yini. Waƙa ɗaya ce a kundin duhu da kundin haske, kuma wanda ya ajiye matanin biyu gefe da gefe a kan takarda ba zai ga wurin da imanin ya shiga ba.